Kwalbar da Ba Ta da Rami

Da saurayina Anicet ya zaro kwalbar daga cikin leda ya dire ta a kan teburin ɗakinsa, ban san lokacin da na dafe ƙirji ba.

"Mene ne wannan?"

"Abin da zan kai wa Papa gobe ke nan," in ji shi, har da wani guntun murmushi.

Na fizge ta na jujjuya. Farar giyar inabi ce, ruwanta garai-garai. Murfinta na murɗawa ne irin na kwalbar man gyaɗa. Na cusa babban yatsana a gindinta ina laluben rami, ban samu komai ba. A shafe take sumul.

"Anicet, ka kashe ni. Na rantse da Allah ka kashe ni!"

Daga nan Bafoussam har ƙauyenmu ba wanda ke karanta rubutun jikin kwalba. Tsoho zai ɗauka ya jinjina nauyinta, ya cusa yatsa a ramin gindinta. In yatsan ya nutse, giyar manya ce, wanda ya kawo ta ɗan mutunci ne. In bai nutse ba, an raina gida. Da yatsa ɗaya tal na ga Tonton Fulbert, ƙanin mahaifina, ya kori manemin 'yar goggona, mutumin kuwa har da motarsa.

Gobe Lahadi kuma Sylvestre Wabo zai zo ƙwanƙwasa ƙofarmu, wato neman aurena. Shi ne mai shigo da tayil a Douala, wanda Tonton ya ɗauko ya liƙa min tun bara. Ni na matsa wa Anicet na ce ya zo a rana ɗaya, a yi ta ta ƙare. Wata uku ina roƙonsa ya nemo kwalbar da za ta rufe bakin Tonton, na ce ko albashina ne ya karɓa ya haɗa, ya ƙi. Ashe wannan abin yake shirya min.

"Nawa ka saye ta?"

"Sefa dubu uku da ɗari biyar."

"Ko kuɗin kaza bai kai ba! Ni Perpétue, shekara talatin da ɗaya, malamar makaranta, a zo neman aurena da abin da bai kai kuɗin kaza ba?"

"Zauna mana."

"Ba zan zauna ba!"

Na dai zauna. Hawaye kuwa tuni sun ɓalle.

Ni ba yarinya ba ce, ba mai ɗaure ni ya kai ni gidan Sylvestre. Zan iya bin Anicet ofishin magajin gari mu sa hannu, a wuce wurin. To amma auren da uba bai sha giyarsa ba, a wurinmu ba aure ba ne. Ɗan da aka haifa in ya yi zazzaɓi za a ce auren ne ya jawo, in ciniki ya tsaya za a ce shi ne. Ga shi tun rasuwar Mama shekara uku ke nan, ni kaɗai ce a gaban Papa. Gobe zan buɗe kwalbar wanda nake so, in ɗanɗana, in cika ƙahon da Papa ya gada wurin kakanmu, in durƙusa in miƙa. In ya shanye, an gama. In ya tuntsurar a ƙasa, shi ke nan har abada, ba a kawo wa uba ƙaho sau biyu a kan mutum ɗaya.

Anicet ya sunkuya. Ya janyo bokiti daga ƙarƙashin gado, cike da ƙanƙara, ya fito da wata kwalbar irin ta farko.

"Biyu na saya. Wannan tamu ce. Ɗanɗana."

"Ba na sha."

"Perpétue, shekara tara ina zuba wa mutane giya a gidajen biki da na makoki. Sau ɗaya dai ki yarda na san aikina."

Ya murɗe murfin, ya zuba kaɗan a kofin gilashi ya miƙo. Na karɓa ne kawai don in samu abin da zan watsa masa.

Kafin kofin ya kai bakina ƙamshi ya riga shi. Ƙamshin fure ne, a bayansa kuma wani abu kamar nunanniyar gwaiba. Na kurɓa. Sanyi ya fara sauka, sai zaƙi ɗan kaɗan, ba irin na lemon kwalba mai naɗe harshe ba, ya taɓa ya janye. Daga ƙarshe ɗan tsami ya biyo ya wanke bakin. Ba ɗaci, ba wannan bauri da jar giya ke bari a dasashi.

Na sake kurɓa ban sani ba.

"Inabi iri uku aka haɗa," in ji shi. "Ɗaya ya kawo ƙamshi, ɗaya tsami, ɗaya ya riƙe su. Yaya kika ji?"

"Da daɗi," na faɗa cikin kuka. "Da daɗi, sai me? A falonmu ba daɗi ake aunawa ba, gindin kwalba ake aunawa! Giyar mata za su ce. Tonton zai yi dariya har ya faɗo daga kujera, Papa ya zubar, ni kuma in zauna ina kallonka kana fita. Ashe ba ka sona, Anicet? In ka gaji ne ka faɗa min, ba sai ka bi ta wannan hanyar ba."

Ya durƙusa a gabana ya riƙe hannuwana biyu. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Akwai maganar da na riƙe wata bakwai. Ba tawa ba ce, shi ya sa ban faɗa ba. Yaushe rabon da ki ga Papa ya sha giya?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Kowane taro da ƙahonsa yake zuwa."

"Da ƙahonsa yake zuwa. Na ce yaushe kika ga ya haɗiye?"

Na laluba a raina, ban tuna ko sau ɗaya ba.

"Mu masu zuba giya ba fuska muke kallo ba, maƙogwaro muke kallo, don mu san wanda za mu ƙara wa. Taro uku na yi aiki Papa yana wurin. Yakan ɗaga ƙahon ya jiƙa leɓe, maƙogwaronsa ba ya motsi. In ganguna suka yi ƙarfi sai ya sauke hannu ya tsiyaye a ƙarƙashin kujera. Ni nake kwashe kujerun, ni nake ganin ƙasar a jiƙe."

"Ƙarya ne. Ai ya warke. Tun da aka gasa masa maƙogwaron nan da na'ura a asibiti saboda ciwon daji likita ya ce ya warke."

"A bikin tunawa da mamaci da aka yi a Bandjoun wani babba ya tsaya a kansa, dole ya haɗiye jar giya. Na same shi a bayan rumfa ya rungume turke, hawaye na zuba, bakinsa a buɗe kamar wanda ya haɗiyi garwashi. Na kawo masa ruwa. Da ya sha ya ɗago ya kalle ni ya ce, 'Yaro, ba ka gan ni ba.' Tun daga ranar ya ƙi jinin ganina. Kin ɗauka don ni mai zuba giya ne kawai? Don na gan shi ne."

Wayyo ni! Nan take komai ya dawo min. Kirɓaɓɓen gwaza da miyar rawaya da nake yi masa duk Lahadi, ya ci loma biyu ya ture. Naman akuya da agade da yake bari ya huce a kwano. Ni ina can ina fushi, ina cewa girkin Mama yake kewa, nawa bai kai ba. Gida ɗaya muke kwana, ni 'yarsa ban gani ba, sai bare ne ya gani.

Na kifa kaina a kafaɗarsa na yi kuka mai isata.

Da na ɗago na ce, "To ai ka ƙara ɓata lamarin. In ya ga farar giya zai san ka tuna. Zai zubar don kada 'yan'uwansa su gane. Ka sayo ja kawai, Anicet, ka sayo mai rami, ko yau da yamma. Zai daure ya shanye, sau ɗaya ne."

"Ƙahon nan kusan rabin kwalba yake ci."

"Sau ɗaya ne na ce!"

"Ba zan ƙona bakin mutum don in samu 'yarsa ba."

"Ko da za ka rasa ni?"

Ya juya ya kalli kwalbar. Ruwan sama ya fara buga kwanon ɗakin.

"Ko da zan rasa ki," ya ce.

Na ɗauki jakata na fita cikin ruwan ko lema ban tsaya karɓa ba.

* * *

Da muka dawo daga coci na sami Papa a bayan gida yana goge ƙahon da tsumma. Ya rame, rigar da Mama ta ɗinka masa tana yawo a jikinsa. Yau ne kawai na lura.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, haka yake kirana. "Idanunki sun kumbura."

Na durƙusa kusa da ƙafarsa.

"Papa, Anicet ma zai zo yau."

Hannunsa ya tsaya.

"Na ji a bakin Fulbert. Na ɗauka ƙarya ce."

"Shi nake so, Papa. Shekara huɗu ke nan. Ban taɓa saɓa maka ba, ka ce in yi karatun malanta na yi, ka ce kada in tafi Yaoundé na zauna. Wannan ɗaya ce nake roƙo."

"Wanda ke tsaye a bayan kujerun mutane yana jiran kofinsu ya ƙare, me zai zuba miki ke? Ɗaki ɗaya gare shi, na haya. Ba uba, ba gona. Ranar da ba ni, wa zai rufa miki asiri?"

"Wace rana ce ba ka? Kana nan."

Ya kawar da kai.

"Sylvestre yana da gida hawa uku. Ba zai bar ki cikin ruwa ba."

"Sylvestre ko sunan makarantar da nake koyarwa bai sani ba! Sau biyu yana kirana da sunan ƙanwata."

"Zai koya."

"Papa..."

Maganar Bandjoun ta zo min har bakin leɓe, na haɗiye ta. In na faɗa, na tona shi, na kuma tona Anicet.

Ya ɗora hannu a kaina. Hannun ba nauyi.

"Uwata, tun kina ƙarama ban taɓa zubar da abin da kika miƙo min ba, ko kunun ƙasa kika dama a gwangwani sai na yi kamar na sha. Kada ki kawo min abin da zan zubar yau. Ina roƙonki."

Sai ga Tonton Fulbert ya leƙo, cikinsa ya riga shi shigowa, ya sha babbar riga sai ka ce shi ne angon.

"Har yanzu kuka ake? Ke, tashi ki wanke fuska! Mata nawa ne a garin nan ke azumi don Allah Ya ba su irin Sylvestre? Mutumin da ya ce zai shimfiɗa wa gidan gadonmu tayil tun daga ƙofa har makewayi! Shi kuma ɗan bokitin naki ya zo, muna buƙatar mai wanke kofuna."

Na tashi na shige ɗaki. Da na buɗe baki a lokacin, da abin da zai fito ba zai yi kyau a ranar Lahadi ba.

* * *

Ƙarfe uku falonmu ya cika. Baffanni da goggonni sun jeru, Papa a kujerarsa ta katako a tsakiya, ƙahon a kan cinyarsa. Ni ina ɗaki ina leƙe ta labule.

Sylvestre ya iso da mota uku. Mutanensa suka shigo da buhun goro, da jarkar bammi, da wani akwatin katako. Mai magana da yawunsa ya miƙe ya gyara murya.

"Muna wucewa ne muka hango wani agade ya nuna a gonarku. Muka ce kafin tsuntsaye su taɓa shi, bari mu zo mu tambayi mai gona."

Aka yi guɗa. Aka buɗe akwatin, aka fito da kwalba baƙa ƙirin, wuyanta naɗe da jan ƙarfe. Tonton ya karɓa da hannu biyu, ya jinjina, ya cusa yatsa. Yatsan ya shige har gaɓa ta biyu. Ya ɗaga sama yana juyawa don kowa ya gani.

"Kun gani? Rijiya ce! Wannan ita ce giya!"

Ana cikin haka aka ji ƙarar babur a waje. Anicet ya shigo, wandonsa jiƙe da ruwan hanya, kawunsa tsoho mai sanda yana biye. A hannunsa bokitin ƙanƙara.

Wani ya tuntsire da dariya.

Kawun nasa ya fara, "Mu ma mun hango agaden nan..."

"Da wane idon?" in ji Tonton. "Kawo mu gani."

Ya tsamo kwalbar daga bokitin da yatsu biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera. Ya kifa ta, ya dangwala yatsa a gindin, ya sake dangwalawa, ya duba yatsan.

"Jama'a, ku taya ni nema, ramin ya ɓata! Kai yaro, giya ce wannan ko maganin tari? Ji murfi! Haba, ko ragowar ta gidan makoki ce ka kwaso mana?"

Goggonnina suka rufe baki da gyale suna ƙyaƙyatawa. Sylvestre bai yi dariya ba, ya dai gyara agogonsa ya ce a hankali, "Ƙanena, kada ka damu. Nan da wata biyu akwai biki a gidana, zan buƙaci mai zuba giya. Ka bar lambarka wurin direbana."

Na ga muƙamuƙin Anicet ya motsa. Ya karɓi kwalbarsa, ya goge ta da farin ƙyallen da yake aiki da shi, ya ajiye ta a kan teburi kusa da baƙar.

Papa bai yi dariya ba. Ya ƙura wa farar kwalbar ido, sannan ya ɗago ya kalli Anicet. Wannan kallon na san shi. Ya gane.

"A kira yarinyar," ya ce.

Na fito. Daga labule zuwa teburin taku bakwai ne, amma sai da na ji kamar ba zan kai ba.

"Perpétue," in ji Tonton, "ga baƙi biyu, ga kwalba biyu. Nuna mana wadda ubanki zai sha. Ki yi hankali, kin san ba a maimaitawa."

Har ya miƙo min abin cire toshiya.

Na kalli baƙar kwalbar. In na ɗauke ta, kowa zai yi murna, Papa zai daure ya haɗiye wuta rabin kwalba a gabana saboda ni. Na kalli farar. Raɓa ta lulluɓe ta, tana gangarowa kan teburi.

Na ɗauki farar. Na murɗe murfin ya yi ƙaras, duk falon ya ji.

"Yesu!" in ji wata goggona.

Na zuba kaɗan a kofi na kurɓa, ban ji ɗanɗanon komai ba don tsoro. Na karɓi ƙahon daga hannun Papa na cika shi. Na durƙusa, na miƙa da hannu biyu.

Ya karɓa. Bai kalle ni ba.

"Uwata, giyar wa ce wannan?"

"Ta Anicet Tchinda ce, Papa."

"In na sha, ba a amayarwa. In sha?"

"Sha, Papa."

"Na roƙe ki da safe."

"Na sani, Papa. Ka yafe ni."

Ya miƙa hannunsa gefe, ya fara karkata ƙahon. Na ga giyar ta taru a baki. Ɗigo ɗaya ya faɗo a siminti. Na biyu ya biyo.

Na ji Tonton ya sauke ajiyar zuciya.

Ban san inda na samu ƙarfin ba. Na kama gwiwar Papa na matso da bakina kusa, na yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Papa, kada ka sha. Sunsuna kawai. Sau ɗaya. In ka zubar bayan nan, na rantse ba zan sake ambaton sunansa ba."

"Sake ni."

"Ka ce ko kunun ƙasa na dama kana yin kamar ka sha. Yau ko hakan ban nema ba. Hancinka kawai, Papa."

Ƙahon yana nan a karkace a hannunsa. Ya daɗe a haka. Sannan, kamar mai son ya sallame ni kawai, ya janyo ƙahon ya kai hanci.

Ya tsaya.

Ya sake ja, dogo a wannan karon. Ya lumshe ido.

"Furen itacen kofi," ya ce, ba da kowa yake ba. "Gonar tudu, bayan ruwan farko. Nan na fara ganin uwarki, tana ɗaure da kwando."

Ba wanda ya yi motsi. Ya kai ƙahon baki ya jiƙa leɓe kamar yadda ya saba. Ni kuwa ba fuskarsa nake kallo ba, maƙogwaronsa nake kallo.

Ya motsa.

Papa ya buɗe ido, yana jiran zafin. Zafin bai zo yadda ya saba ba. Ya sake kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Hawaye suka gangaro masa, bai share ba. A hankali, kurɓi bayan kurɓi, har ya ɗaga ƙahon sama. Ya kifa shi a tafin hannunsa, ko ɗigo bai fito ba.

Kawun Anicet ya buga sandarsa a ƙasa. Ni na faɗi a kan ƙafafun Papa ina kuka kamar raina zai fita.

"Ba zai yiwu ba!" Tonton ya miƙe yana huci. "Yaya, ka san abin da ka yi? Giyar mata! Giyar dubu uku! Ni na riga na je gidan Sylvestre na sha giyarsa, na ba shi baki!"

"Kai ka sha?" in ji Papa.

"Ni na sha!"

"To wanda ya sha shi ke bayarwa. 'Ya'yanka mata uku ne, Fulbert, ka tambaye su ko akwai mai son tayil."

Wani baffana ya ƙware da goro. Papa ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Shekara biyu ke nan ban ji ɗanɗanon komai ba. Abinci toka, jar giya wuta. Kuna zaune a damana da haguna a kowane taro, kuna cika min ƙaho, kuna yabon ƙarfina. Ba wanda ya duba ƙarƙashin kujerata. Wannan yaron ya duba. Ya gan ni ina kuka a bayan rumfa, wata bakwai bai kai maganar kasuwa ba. Na tsane shi saboda haka, ina faɗa a gabanku. Yau ya san za ku yi masa dariya, ya zo da abin da zan iya haɗiyewa."

Ya juya wurin Sylvestre.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Kwalbarka ba a buɗe ba, ka koma da ita da mutuncinka."

* * *

Kafin ƙarfe biyar falon ya watse. Motoci uku suka tafi, Tonton ya bi bayansu yana ba da haƙuri, goggonni suka shige kicin suna caccakar maganar. Ruwa ya tsagaita. Papa ya sa aka fitar masa da kujera baranda, ya kira ni da Anicet.

Ni dariya nake ina kuka, duka a haɗe. Na ɗauka an gama, ashe da sauran magana.

"Akwai saura a kwalbar?" in ji Papa.

"Akwai kaɗan, Papa," in ji Anicet. Karo na farko ke nan da ya kira shi haka a gabansa, kuma ba a hana shi ba.

"Uwata ce za ta zuba. Kai yau baƙo ne, zauna."

Na ɗauko kwalbar daga bokiti. Papa ya sa hannu a aljihu ya fito da wata takarda da aka ninke huɗu, ya ajiye a cinyarsa bai buɗe ba. Na ga tambarin asibiti a kusurwarta.

"Tafiyar da na yi Douala makon jiya, ba taron 'yan ƙauyenmu na je ba."

Na ƙura wa takardar ido.

"Papa?"

"Ciwon ya dawo. Shi ya sa na so in bar ki a gida mai hawa uku, in tafi hankalina kwance. Ban yi tunanin wanda zai duba ƙarƙashin kujerarki ba." Ya kalli Anicet. "Kada ku jira Kirsimeti. Ku je coci wurin fada gobe, a fara shelar aurenku."

"A'a, Papa! Za mu koma asibiti, za a sake gashin, za mu je Yaoundé..."

"Za mu je. Amma ki bar ni in ji daɗin yau." Ya miƙo ƙahon. "Itacen kofi sai watan Maris yake fure, Uwata. Na riga na cire rai da ƙamshin nan, don Maris ya yi min nisa. Zuba min."

Na karkata kwalbar, hannuna ya ƙi tsayawa, bakinta sai bugun ƙahon yake, giyar na neman zubewa a ƙasa. Anicet ya taso. Ya sa tafinsa a ƙarƙashin kwalbar, nan inda babu rami, ya tallafe ta har na gama zubawa.